Tattasan Difa ba shi da lauya

A Faransanci suna ɗaya lauya yake da shi da ɗan itacen nan fiya: duka biyu aboka ake ce musu. Wataƙila shi ya sa fiya ba ta rasa mai tsaya mata. Tun 1914 Amurka ta hana fiyar Meksiko shiga ƙasarta bisa hujjar ƙwari, hukumomin Meksiko suka yi ta kai gwauro suna kai mari har aka buɗe ƙofa a 1997. Kenya ma ta zauna da Sin, ta amince da sharuɗɗan feshi da bincike, a watan Agusta 2022 ɗanyar fiyarta ta fara shiga kasuwar Sin.

Mu a jihar Difa tattasai ne fiyarmu, wanda ake yi wa kirari da jan zinariya. Kafin 2015, bakin Komadugu, daga Shetimari zuwa Geskeru har Boso, yana fitar da kimanin tan 10.000 na busasshen tattasai a shekara, abin da ya kai sefa miliyar 7 zuwa 8. Kusan kashi 80 cikin 100 Najeriya yake tafiya, ta Damasak zuwa Maiduguri. Da shi manomi ke aurar da ɗiya, da shi mai kamyo da ɗan dako da dillali ke cin tuwo, da shi kuma ake cika asusun duwan da na magajin gari. To, wane ne lauyansa?

Bayan harin da Boko Haram ta kai Boso da Difa ran 6 ga Fabrairu 2015, gwamnatin Isufu Mahamadu ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawan babur, aka taƙaita sayen takin ure da man fetur, aka hana cinikin kifi da tattasai, wai ƴan ta'adda na karɓar haraji a kansu. Gaskiya ne suna karɓa. Amma a jihar Micowakan ta Meksiko, cibiyar fiya ta duniya, ƴan bindiga sun daɗe suna tatsar manoma, ba mu taɓa jin gwamnatin ƙasar ta haramta fiya ba. A Fabrairu 2022 da aka yi wa wani jami'in binciken Amurka barazana, ciniki ya tsaya, cikin kimanin mako guda aka sasanta. Mu kuwa aka bar jaki ana dukan taiki. Sai Oktoba 2017 aka ɗage haramcin tattasai, kifi kuma sai 2019. Kafin nan mutanen ƙauyuka da yawa sun bar gonakinsu sun koma bukkoki a gefen babbar hanya ta 1. Wanda ya sa hannu a takardar hanin, albashinsa bai yi jinkirin kwana ɗaya ba saboda ita.

Ko da babu yaƙi, ciwon yana nan: mai saye ɗaya gare mu. Duk ranar da ya rufe ƙofarsa, buhuna sai su zauna cikin sito, launi na dushewa, farashi na faɗuwa. Shugaba Buhari ya rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Takunkumin Sedeyawo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya sake rufe ta har Maris 2024. Ga kuma naira, wadda da ita ake cinikin tattasai: dala guda tana wajen naira 460 a farashin hukuma kafin Yuni 2023, a 2024 ta haura 1.500. Ɗan kasuwa ya sayar da naira, lampo da kuɗin makarantar yara na jiransa da sefa. Kada kuma mu manta manoman Yobe da Jigawa da Kano suna noma nasu tattasai. Duk watan da namu ya ɓace daga kasuwa, su ke cike gurbin, kuma mai saye in ya saba da wata rumfa ba ya saurin dawowa.

Manyanmu na ofis za su ce Difa ta yi nisa, kilomita fiye da 1.300 daga Yamai. Kenya fa ta fi kusa da Sin ne? Nisa ba ya hana ciniki kamar yadda shingaye ke hanawa, kowane da hannun da ke miƙowa ta tagar direba.

Ƴan kasuwa ma ba su fita ba. Shekara da shekaru muna aika tattasai cikin buhu yadda ya bushe a ƙasa, da yashinsa da ƙurarsa, wasu su niƙa shi su ci ribar. Kasuwa mai tsada tana son kaya mai tsabta, a niƙe, da takardar gwaji.

Muna neman ma'aikatar kasuwanci ta rage shingaye tsakanin Difa da Damagaram, ta samar da wurin shanya da gwaji a garin Difa, ta kuma tura jami'anta Bamako da Wagadugu da Aljeriya da samfurin tattasai a jaka. Kuma duk ranar da za a sake hana wata sana'a da sunan tsaro, a rubuta ranar ƙarewar hanin da diyyar masu ita a cikin takarda ɗaya.