Uwargida, Gyara Hasken Talabijin Ɗinki

Yau zancenmu a kan akwatin talabijin ne. Daga Kazaure har Roni, Gwiwa da Babura, gidaje da dama sun mallaki wannan akwati, wasu da wutar lantarki, wasu da sola. Da an gama cin tuwon dare sai a taru a gabansa ana kallon Daɗin Kowa, ko fim ɗin Kano, ko na Indiya. To, mu nawa ne muka taɓa gyara hotonsa tun ranar da maigida ya shigo da shi?

A kanti akan ƙure wa talabijin haske da launi don ya ja idon mai saye. Wannan haske ya yi wa ɗaki yawa da dare. Shi ke gajiyar da ido, ya sa ciwon kai, yarinya ta kasa barci da wuri, gobe ta yi ta gyangyaɗi a aji.

Gyaran bai fi na minti 5 ba. Ɗauki rimot ki shiga wurin gyaran hoto. In kin ga an rubuta Vivid ko Dynamic, mayar da shi Movie ko Cinema. Da farko za ki ga kamar hoton ya dushe, amma bayan kwana 2 ido zai saba. Sannan ki rage Backlight, wato fitilar bayan gilashin, zuwa rabi. Ita ta fi shan wuta, saboda haka mai sola batirinta zai ƙara daɗewa. Launi a bar shi tsaka-tsaki; in fuskar 'yar wasa ta yi ja kamar manja, ya yi yawa. Tsofaffin finafinan kaset na shekarun 1990 kuwa a sa su a 4:3, in ba haka ba kowa zai fito gajere mai faɗi.

Kada a yi kallo cikin duhu ƙirin. A bar 'yar ƙaramar fitila a bayan akwatin ko a gefensa. Bayan kowane minti 20 a ɗauke ido, a dubi wani abu mai nisa na ɗan lokaci. Ƙurar hunturu kuma a share ta da busasshen ƙyalle mai laushi, ban da ruwan omo.

Ku 'yan makaranta, ku da kuka iya karanta Turancin da ke jikin akwatin, ku taimaki iyayenku. Wata za ta ce wannan aikin maza ne. Ina! Wa ke wuni da yaran nan? Wa ke fara ganin yaro yana matsawa gaban gilashi yana ƙanƙance ido? Uwa ce. In kin gyara hoton bai daina ba, a kai shi Babban Asibitin Kazaure ko asibiti mafi kusa a duba idonsa, wataƙila tabarau yake bukata tun kafin allon aji ya gagare shi.

Sai mun sake haɗuwa.