Anya Gani Ya Kori Ji?

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma binciken ƙwaƙwalwa ya rage wa wannan karin magana ƙarfi. Ido haske kawai yake karɓa. Ƙwaƙwalwa ce ke tace saƙon, ta ɗauki abin da hankali yake kai, ta cike giɓi da abin da mutum ke tsammani.

A shekarar 1999, a Jami'ar Harvard ta Amurka, Daniel Simons da Christopher Chabris sun nuna wa mutane wani gajeren fim na 'yan wasan ƙwallon kwando, suka ce su ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa wa juna ƙwallo. Ana cikin wasan wata mace ta ratsa fili cikin shigar goggon biri. Kusan rabin masu kallon ba su gan ta ba sam, alhali idanunsu na kan fim ɗin.

Illar tsammani ta fi wannan muni, domin har masana ba su tsira ba. A 1903 René Blondlot, masanin kimiyyar lissafi da haske a birnin Nancy na Faransa, ya ba da sanarwar gano wani sabon haske da ya kira hasken N. Masana da dama suka ce su ma sun gani. A 1904 Ba'amurke Robert Wood ya ziyarci ɗakin gwajinsa, ya faki ido cikin duhu ya zare ƙarfen alminiyum ɗin da gwajin ya dogara a kansa. Blondlot ya ci gaba da karanta sakamako kamar ba abin da ya faru. Ba maƙaryaci ba ne. Abin da ya sa rai shi ya gani.

Saboda haka akwai gyara a yadda ake koyar da darasin gwaji a makarantun sakandare. Malami kan zana ƙwayar halittar albasa a allo tukuna, sannan ya ce ɗalibai su leƙa madubin likita. Ɗalibin da kumfar iska ce a gabansa sai ya zano hoton littafi tsaf, har ya ci maki. Kamata ya yi a juya tsarin: kowa ya fara leƙawa, ya zana abin da ya gani komai muninsa, a jera zane-zanen a teburi a yi muhawara kan bambancinsu, sannan a buɗe littafi.