Tafkin Chadi: An Tara Bincike, Saura Aiki

Kusan duk taron da za a yi kan Tafkin Chadi, da magana ɗaya ake buɗe shi: tafkin ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari. Maganar tana da tushe. A 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, amma farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi kusan 2,000, ya kuma raba shi gida biyu, kwarin arewa da na kudu.

Sai dai labarin bai tsaya nan ba. Hotunan tauraron ɗan'adam da masana suka bibiya sun nuna cewa tun shekarun 1990 tafkin ya daina ja da baya. Yana cika yana raguwa ne gwargwadon damina, kuma ruwa mai yawa yana ɓoye ƙarƙashin ciyayi da cikin ƙasa. Rahoton da cibiyar adelphi ta Jamus ta fitar a 2019 ya ce babbar barazanar ita ce rashin tabbas: manomi da makiyayi da masunci ba su san inda bakin ruwa zai tsaya bana ba.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin yadda aka fahimci ciwo haka ake neman magani. Masu ganin tafkin na mutuwa sun karkata ga shirin Transaqua, wato a haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2,400 daga rassan kogin Kongo zuwa kogin Shari, a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala biliyan 50. Taron Abuja na Fabrairun 2018 ya goyi bayansa, amma 'yan siyasar Kinshasa sun ce ba da ruwansu ba, kuma har yau ba a sari ƙasa ba. Idan kuwa rashin tabbas ne ciwon, abin da ake buƙata ya fi araha: ma'aunan ruwa, gargaɗi da wuri, da dokar rabo.

Fiye da kashi 90 na ruwan da koguna ke kai wa tafkin yana zuwa ne ta Shari da Logone, waɗanda suka faro daga Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da tsaunukan Adamawa na Kamaru. Ma'ana, masuncin Baga da manomin Bosso suna rayuwa ne a kan ruwan saman da aka yi a wata ƙasa. Don haka ne Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru suka kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964. A 2012 shugabannin ƙasashen suka amince da Yarjejeniyar Ruwa, wadda ta tanadi musayar bayanai da sanar da maƙwabta kafin a fara babban aiki. Takarda ta yi kyau, amma hukumar ta daɗe tana kukan rashin biyan kuɗin gudunmawa, rikicin Boko Haram kuma ya hana ma'aikata isa wurare da dama. Ficewar Nijar daga rundunar haɗin gwiwa a Maris 2025 ta ƙara nuna raunin yarda tsakanin maƙwabtan.

Sakaci yana da tsada. A Disamba 2021 rikici kan ruwa tsakanin makiyaya Larabawan Shuwa da masunta Musgum a yankin Logone-Birni na Kamaru ya kori dubban mutane zuwa Chadi. A Satumba 2024 ballewar madatsar Alau ta nutsar da babban ɓangare na Maiduguri. Ƙarancin ruwa da yawansa duk a kwari ɗaya.

Akwai inda bincike ya zama aiki. Madatsar Maga da Kamaru ta gina a 1979 ta busar da fadamar Waza-Logone, kifi da ciyawa suka ragu. Bayan nazari, a 1994 aka buɗe wata hanyar ruwa da aka toshe, ambaliya ta dawo wani sashe na fadamar, masunta da makiyaya suka amfana. Ba biliyoyi aka kashe ba.

A gida ma darasin yana nan. Madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke gangarowa Hadeja da Nguru, ciyawar kachala ta toshe hanyoyinsa, abin da ke isa Komadugu Yobe ya ragu. Wannan kogi shi ne wani ɓangare na iyakar Najeriya da Nijar, kuma da shi ake noman tattasai a Diffa. Jihohi shida sun kafa asusun kula da kwarin a 2006, amma manomin Diffa ba shi da kujera inda ake yanke shawarar sakin ruwa a Kano.

Abu uku za su kawo sauyi ba tare da jiran Kongo ba. A gyara ma'aunan koguna, a riƙa musayar alƙaluman a kan lokaci. A mayar da hasashen ambaliya saƙon rediyo da Kanuri, Hausa, Fulatanci da Larabcin Shuwa. A kuma tsara jadawalin sakin ruwa daga madatsu tare da mutanen da ke ƙasa, har da na ƙetaren iyaka. Da tsohuwar zuma ake magani: ilimin yana hannu, saura wanda zai ɗauki nauyin aiki da shi.