In kun je Tokyo, kada ku bata lokaci a layin daukar hoto

 

Yaya, na ga jerin gidajen gahawa na Tokyo da ka tsinto a intanet kafin tafiyarka, kuma gaskiya raina bai so ba. Duk iri daya ne: farin bango, kujerar katako mai sa ciwon baya, gahawa mai tsami kamar an jika tsamiya, da dogon layin masu daukar hoto. Irinsu cike suke a Landan, har kusa da jami'armu akwai guda biyu. Mutum ya ketare rabin duniya don ya sha abin da ke bayan gidansa?

Abin da Japan ke da shi nata na kanta shi ne kissaten, wato tsofaffin gidajen gahawa masu dan duhu, inda mai gida da kansa yake tsaye yana hadawa. Kusan dai mai shayin unguwa, ya san kowa ya san abin da kowa ke sha, sai dai a nan ba a hayaniya. A 1981 sun haura dubu 150 a kasar, yau ko rabin haka ba su kai ba. Masu su suna tsufa, 'ya'ya ba sa gado, mu kuma baki mu wuce su mu tafi inda ake yayi.

Ka fara da Café de l'Ambre a Ginza. Ichiro Sekiguchi ya bude shi a 1948, ya haura shekara 100 yana zuwa shagon, har ya rasu a 2018 yana da 103. Gahawa kadai ake sayarwa, babu abinci. Suna ajiye danyen kwayar gahawa shekara da shekaru kafin su gasa, sannan su tace ta cikin matatar kyalle, ruwan zafi kadan-kadan, mai hadawa bai dago kai ba. Da na sha, sai da na yi shiru na dan lokaci, ni da kuka sani da surutu.

Daga nan sai Chatei Hatou a Shibuya, wanda ke nan tun 1989. Bayan kanta akwai kofuna na tangaran jere a bango, su dube ka su zabar maka wanda za ka sha da shi. James Freeman, wanda ya kafa Blue Bottle a Amurka, da bakinsa ya yaba wannan wuri, ya kuma ce kissaten ya yi tasiri a kansa. To a 2015 kamfaninsa ya bude reshe a Kiyosumi-Shirakawa, mutane suka yi ta layi na awanni. Ga malami a zaune, jama'a sun tafi gaida almajiri!

Na san za ka ce akwai tsada, akwai jira. Haka ne, kuma wasu tsofaffin har yanzu akwai warin taba duk da dokar Tokyo da ta fara aiki gaba daya a 2020, mai asma ya leka kafin ya zauna. Sannan a wasu gidajen akwai nau'in da ake diga wa giya, ka tambaya kafin ka nuna da yatsa. Ka rike tsabar kudi ma, ba ko'ina ake karbar kati ba.

A gaida Hajiya da yara.