Ina Harsashi Ya Ke Sauka?

Ya ku malamaina da 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina roƙonku ku saurare ni a kan wata magana wadda za ku ce ba ta shafi alli da allo ba, watau maganar filin koyon harbi da yadda ya kamata a gina shi. Ku yi haƙuri ku ji, gama yawancinmu ƙauye za a kai mu, yaran da za a danƙa mana kuwa su ne masu kiwo da neman itace a bayan gari.

Tun da ɓarayin daji suka addabi ƙasashen nan, hukuma ta yi ta ƙara masu tsaro. Katsina ta kafa askarawanta cikin 2023, Zamfara da Sakkwato suka bi baya cikin 2024, ga kuma soja a Barikin Giginya, ga 'yan sanda. Duk wanda za a ba bindiga tilas ya koyi harbi, don wanda bai koya ba ya fi zama abin tsoro ga maƙwabcinsa bisa ga ɓarawo. Wannan ba gardama. Abin da ni ke cewa shi ne, in ranar ta zo aka nemi fili a ƙasarmu ta Sifawa, ko Bodinga, ko Shagari, kada a harba ko da harsashi guda sai an san inda zai sauka.

Ba baƙi mu ke ga harbi ba. Masu baka ne suka fi taimakon jama'ar Shehu a Tabkin Kwatto cikin 1804, ran da suka karya dawakin Gobir, shi Shehu kuma nan Sifawa ya zauna daga wajen 1810 har ya tashi zuwa Sakkwato cikin 1815. Amma kibiya, mai harba ta ya kan ga inda ta faɗi, ya taka ya ɗauko abarsa. Bindigar toka ta maharbanmu ma ba ta da nisa. A kan waɗannan hankalinmu ya tashi, shi ya sa in mutum ya duba gaba bai hangi kowa ba, sai ya ce fili ya samu. Alhali kuwa harsashin bindigar nan AK-47, in bakinta ya ɗaga sama kaɗan, ya kan wuce kilomita 2, na manyan bindigogin soja irin G3 kuwa ya kan kusa kilomita 4. Wa ke iya hangen yarinya mai tsinkar rama a wannan nisa?

To, bari mu yi ɗan lissafi irin na aji. A ce an keɓe fili bayan allon da a ke auna, tsawonsa kilomita 4, faɗinsa kilomita 1 kacal. Ya zama hekta 400 ke nan, watau kusan eka 1,000. Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Shagari da damina ya san ba inda za a yanki wannan ba a haɗa da gero da dawa da burtali da rijiya ba. Da ya ke ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, cike kuma da mutane, abin da fili ya kasa yi sai gini ya yi shi.

Uban ginin shi ne ganuwar da ke bayan allo, mai shanye harsashi. Masu wannan sani a Amurka su kan ce tsayinta ya kai ƙafa 20, watau mita 6, a kuma ja ƙananan ganuwa dama da hagu. Fuskarta rairayi a ke so, tankaɗaɗɗe, mai kauri fiye da kamu guda, ba tsakuwa ba guntun ƙarfe, a kwantar da ita kamar tarin yashi ya zauna da kansa. A nan ne na ke jin tsoron a ruɗe mu. Muna da tuddan marmara, mai son araha kuwa zai nuna ɗaya ya ce, "Ga ganuwa Allah ya gina mana." Haba! Harsashi in ya bugi dutse a karkace ba ya nutsewa, sai ya yi tsalle da kuka ya nufi inda ba wanda ya aike shi. Haka ya ke yi a kan busasshen fako, haka a kan ruwa. Sai an rufe fuskar tudun da rairayi, an kuma bi filin tsakani an tsince duwatsu. Inda gonaki suka matso kuwa, a kan kafa waɗansu manyan shingaye bisa ginshiƙai gaban masu harbi, yadda wanda ya kwanta ya ɗaga bindiga ba zai ga sararin sama ba, balle harsashinsa ya bi ta can. Ganuwar ƙasa kuma 'yar'uwar soro ce, kowace shekara tana son yaɓe. Wanda ya yi kasafin ginin bai yi na gyara bayan damina ba, rabin aiki ya yi.

A juya masu harbi su fuskanci arewa, don kada rana ta shiga idonsu safe da maraice. A kafa jar tuta kowace kusurwa, a sa mai gadi kowace hanya. 'Yan sandan Kano su kan yi shela kafin su fita filinsu na Hawan Kalibawa a ƙasar Dawakin Tofa, wannan kuwa abin koyi ne. Sai dai shelar da ta tsaya a jarida ba ta kai ga Bafulatanin da ya kwana a hanya da shanunsa. A gaya wa hakimi da uban ƙasa da arɗo, a faɗa masallacin Jumma'a, a yi yekuwa ran kasuwa da Hausa da Fulatanci. Ran da hazo ya sauka kuwa, mai gadi ba ya ganin abin da ke gabansa, a ɗaga harbin zuwa wata rana.

Na san wani zai ce, me ya hana a gina ɗaki a yi harbin ciki, kowa ya huta? Ana yi a manyan birane, bango da rufi na kankare, da tarkon ƙarfe ko na roba a ƙarshe. Amma harsashi da dalma a ke yinsa, kowane harbi kuma yana barin ƙurarta cikin iska. Dole injin ya riƙa turo iska daga bayan mai harbi zuwa wajen allo, ya tace ta kafin ta fita, ba a kuma share ɗakin da tsintsiya. In lantarki ya ɗauke cikin zafin bazara, ɗakin ya zama tanderu mai guba. Mu kuwa mun san dalma. Cikin 2010 ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ta hanyar ƙurar dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gidaje. Sabo da haka ni a ganina filin waje shi ya dace da mu, har ran da wuta ta zauna.

Dalmar nan ba ta ƙyale filin waje ba ma. Ta kan taru cikin ganuwa, ruwan sama ya wanke ta zuwa gangare, don haka kada a gina kusa da fadama ko rijiyar sha. Yara kuma da sun ji harbi ya lafa sai su ruga tsintar kwanso don masu sayen tagulla, waɗansu har su tona ganuwar. Shinge da ƙofa mai kwaɗo sun fi wa'azi amfani a nan, a kuma sa ma'aikata su tsince kwanson kafin su tashi.

Saura abu guda wanda ba a gani sai an daɗe, shi ne gari yana tafiya. Turawan Ingila sun yi gasar harbinsu a Wimbledon tun 1860, amma gidajen London suka yi ta matsowa, bindigogi kuma suka ƙara nisa, har tilas suka ƙaura zuwa Bisley cikin 1890. Sakkwato ma tana miƙowa kudu ta wannan hanya tamu. In an zaɓi fili, a auna iyakarsa, a kafa duwatsun shaida, a shigar da shi taswira, a hana yanka fuloti ciki. Dokar ƙasa ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma ta ce a biya diyyar amfanin gona da gine-gine. A biya ta kafin a fara, don manomin da ba a biya ba zai koma gonarsa da ruwan farko, ko da tuta ko babu.

Namu aikin kaɗan ne. Wanda aka kai makarantar da ke kusa da irin wannan fili, ya nemi ranakun harbi wurin hakimi ya rubuta su a allo. Ran darasin awo kuma ya fita da yara kan hanya su taka kilomita guda da ƙafarsu, sa'an nan ya gaya musu harsashi yana yin huɗun wannan.