Tiyon da kanikawa ke rainawa

A Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, mutum zai sayi injin kwatano mai turbo yau, kafin mako ya zagayo an ɗora masa shi a tsohuwar Hilux ɗinsa. Za a kwana biyu ana fama da giya da wayoyi. Can a ƙarshe sai a tarar da wani ɗan baƙin tiyo da ya fito daga murfin kan injin, ba shi da mazauni a sabuwar motar. Oga ya kalle shi sau ɗaya, ya ce wa yaronsa, "Kai, toshe shi da noti mu tashi." Wani garejin ma barin sa ake yi yana reto.

Wannan ganganci ne, kuma mai mota ne ke biyan kuɗinsa.

Babu ringin da ke rufe silinda ruf. Duk sanda wuta ta tashi a kan fistin, wani hayaƙi yakan sulale ta gefe ya gangara inda baƙin mai yake kwance, ɗauke da tururin ruwa da man da bai ƙone ba. Dole ya sami mafita. Motocin da, titi suke zubar da shi ta wani bututu da ke kallon ƙasa. A 1961 aka fara sayar da sababbin motoci masu bawul ɗin PCV a jihar Kalifoniya, zuwa 1963 ya game Amurka. Aikinsa shi ne mayar da hayaƙin cikin injin ya sake ƙonewa.

Turbo ne ya dagula lissafin. Idan injin fetur yana tsaye yana aiki a hankali, bututun shigar iska zuƙa yake yi, sai ya janye hayaƙin ta bawul ɗin. Da direba ya taka totur turbo ya cika, bututun ya koma turawa, bawul ya rufe, alhali a daidai lokacin ne hayaƙin ya fi yawa. Shi ya sa injin Toyota 2JZ-GTE na motar Supra, wanda masu sauya inji a Amurka da Japan ke rububi, yake da ƙofa biyu: ɗaya mai bawul zuwa bututun shigar iska, ɗaya kuma zuwa bakin turbo, bayan matatar iska. Injin dizal kamar 2KD na Hilux da wannan ta biyun kaɗai ya dogara.

Tiyon da oga ya ce a toshe, na irin wannan ƙofa ne. A toshe ta, iskar ta nemi hanya da ƙarfin tsiya. Sandar gwada mai ta yi tsalle daga raminta, sil ɗin bayan inji ya fara yoyo. Abin takaicin ma, man da ke fita daga turbo gangarowa kawai yake yi zuwa ƙasa, babu famfon da ke jan sa. Idan iska ta tokare shi, sai ya malala cikin salansa, mota ta riƙa tuƙa shuɗin hayaƙi. Nan bakanike zai girgiza kai ya ce, "Alhaji, turbon nan ya mutu." A sayi wani, bayan wata guda a dawo gidan jiya. Wanda aka bari a buɗe kuwa, ƙurar hunturu ta sami ƙofa, ƙarƙashin mota ya jiƙe da mai.

Gwangwanin tare mai, wanda ake sakawa a tsakiyar tiyon, yana da amfani na gaske. Hayaƙin yana bi ta cikin raga da shingaye, man ya taru a gindi, iska ta wuce. Injinan da ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, irin TSI na Volkswagen da N54 na BMW, ba su da fetur mai wanke bayan bawul ɗin shigar iska, don haka baƙin gawayi yakan daskare a wurin har sai an kankare shi da garin ɓawon goron Turawa. A dizal kuma, tururin man yana haɗuwa da toka daga EGR, mai mayar da hayaƙin salansa cikin inji, ya zama kwalta a bututu.

Sai dai da yawa daga gwangwanayen da ake tallatawa fanko ne mai sheƙi, babu komai a ciki. Na kirkin ma ba ya gyara ringin da ya cinye, kuma ba ya maye gurbin bawul ɗin PCV. Tiyonsa kada ya gaza na asali faɗi, kuma ya zama mai jure mai da zafi. Tiyon ruwa da ake yankowa a bakin kasuwa laushi yake yi ya manne. Sannan sai an riƙa juye gwangwanin. Idan ya cika a motar dizal, turbo zai iya zuƙe man, injin ya kama gudu da kansa, a zare makulli ya ƙi mutuwa.