LAƘABI DA DANGI: MAKOMAR RUBUTUN HAUSA A RUMBUN KWAMFUTA

Masu iya magana kan ce suna linzami ne. Wannan magana ta ƙara nauyi a yau, domin akasarin abin da ake rubutawa a rumbun kwamfuta yake kwana, kuma da suna ake kiransa ya fito.

Akwai wani irin rumbu da masana ke kira marar kai, watau wanda aikinsa ajiya kawai, ba ruwansa da yadda rubutu zai bayyana a idon mai karatu. Contentful, wanda aka kafa a Balin ta Jamus a 2013, da Strapi, wanda ya fito daga Faransa a 2015, duk irinsa ne. Rubutun da ke ciki yakan kasance da ɗan gajeren laƙabi da aka tsamo daga kanunsa, da ƙananan baƙaƙe, da karan ɗori tsakanin kalmomi. In an buƙaci rubutun, sai na'ura ta aika da laƙabin, rumbu ya duba ya miƙo wanda ya dace. Sunan marubuci da fannin da rubutun ya shafa kuwa, a wasu ɗakuna dabam aka ajiye su, an ɗaure su da rubutun kamar dangi.

To, a nan gizo ke saƙar. Ƙa'idar adireshin intanet ta 2005 ba ta yarda da kowane baƙi kai tsaye ba sai na Ingilishi. Saboda haka manhajoji kan tankaɗe kanu kafin su mai da shi laƙabi. Wasalin Faransanci mai ɗigo ko karan sama yakan tsira, domin a tsarin Unicode ana iya raba shi biyu, a zubar da alamar a bar wasalin. Amma ɓ da ɗ da ƙ ba su rabuwa, lanƙwasarsu jikinsu ce. Shi ya sa matankaɗin Django, ɗaya daga manyan kayan gina irin waɗannan rumbuna, in ba a umarce shi da wani abu dabam ba, yakan jefar da su ɗungurungum. "Ɗalibi" ya koma "alibi", "Ƙasar Hausa" ta koma "asar-hausa", saura ƙiris ta zama asara.

Wani zai ce ai sai a musanya su da b da d da k, a huta. Lalle wannan ya fi, amma duk wanda ya zauna ajin ilimin furuci ya san gaɓa ba gaba ba ce, baƙi ba baki ba ne, ƙafa ba kafa ba ce. Da yake ba a yarda rubutu biyu su yi tarayya a laƙabi ɗaya ba, sai na'ura ta liƙa wa na biyun lamba, mai nema ya rasa wanne ne nasa.

Matsala ta biyu ita ce ta dangi. A Strapi, alal misali, in an kira rubutu ba a ambaci danginsa a cikin buƙatar ba, shi kaɗai zai fito, ba marubuci ba fanni. Ga mai tallar takalma wannan ƙaramin abu ne. Ga manazarcin adabi kuwa babban rashi ne. Mawallafan rubutattun waƙoƙin Hausa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa da yawansu kan saka sunansu a baitocin ƙarshe, su kuma ɓoye shekarar wallafa cikin ramzi, don kada waƙa ta yi yawo marainiya. Abin kunya ne a ce abin da alƙalamin kara ya kiyaye, kwamfuta ta zubar.

Saboda haka bai kamata sassan Hausa na jami'o'i su bar wa masu gina manhaja wannan aiki su kaɗai ba, domin ba laifinsu ba ne in ba su san bambancin gaɓa da gaba ba. Ya dace malamai su zauna su tsai da ƙa'ida ɗaya: kada a jefar da baƙi mai lanƙwasa, a musanya shi da gangan a laƙabi, a bar cikakken kanu da lanƙwasarsa a gurbinsa, in laƙabi biyu sun yi karo, a raba su da shekara ko sunan marubuci, laƙabin da aka riga aka raɗa kada a sāke shi, don kada madogarar masu bincike ta tsinke. Sa'an nan a wajabta cewa duk rubutun da aka kira ya fito tare da marubucinsa, da shekararsa, da karin harshensa, da bayanin ko asalinsa ajami ne ko boko.

Ɗaliban sashe su ne za su fi cin moriyar wannan gyara, su ne kuma ya kamata su fara shi da kundayen digirinsu. Allah ya sa a dace, amin.